Baba da Kwandon Sharar Kwamfuta

Inna ce ta fara ganewa. Ta kira ni a waya wata safiyar Laraba ina shirin tafiya makaranta, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce min Baba ya daina juya shafi. Ban fahimce ta ba sai da ta yi min bayani. Tun da na yi wayo, kullum bayan sallar asuba Baba yana zama a ƙofar ɗakinsa da Alƙur'aninsa, ya karanta izu guda kafin ya fita gona. To yanzu, in ji Inna, zaman yana nan, Alƙur'anin a buɗe, muryar ma tana fita, amma ƙananan surorin da ya haddace yake ta maimaitawa, shafin kuwa tun makon jiya yana wuri ɗaya. Ta gargaɗe ni kada in kuskura in nuna masa na sani.

Baba ba malami ba ne, manomi ne. Yana da 'ya'ya uku ya sauke Alƙur'ani, don sai bayan girbi yake samun zuwa gaban malaminsa a ƙauyen da ke gaba da namu. Bai haddace ba, da ido yake karatunsa, kuma duk abin da ya mallaka babu wanda yake ji da shi kamar wannan karatun. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara rufe masa gani. Likita ya ce za a yi aiki, amma sai hawan jininsa ya daidaita. An yanka masa tabarau bai yi ba. Yayana ya kawo masa Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe daga Kano, ya ɗan yi wata biyu, shi ma ya gagara. Ranar da Inna ta kira ni saura kwana goma sha huɗu azumi, shi kuwa Baba sauka biyu yake yi duk azumi.

Ni malamar firamare ce a Ɗambatta, can nake aure. Ina da wata kwamfutar hannu ta gwanjo da na saya lokacin da na koma ƙaro karatu, na gama karatun na ajiye ta a ƙasan akwati. Abin da ya tuna min da ita shi ne wani zuwa da Baba ya yi gidana, aka sa kiran salla a talabijin da rubutun Larabci manya-manya, na ga bakinsa yana bin rubutun. Na ce a raina ashe in baƙi ya yi girma, kuma da haske a bayansa, Baba yana gani. Na tambaya aka ce min akwai manhajar Alƙur'ani da ake sa wa kwamfuta, mutum ya ƙara girman rubutun yadda yake so.

Halina ɗaya ne tun ina yarinya, kuma har yau bai sake ni ba, wato gaggawa. Da na nutsu, a gidana zan sa manhajar in gwada ta kafin in tafi. Amma ni so nake in yi abin a gabansa, ya ga cewa bokon da ya kai ni ba asara ba ce. Ranar Asabar na saɓi jaka na hau motar Tsanyawa, daga bakin titi na hau acaɓa muka ratsa gonaki. Bazara ce, an gama sharar gona, ko'ina tsibin taki ne da aka jera ana jiran ruwa, jakuna na ta kai da kawowa da mangala. Ko cajin kwamfutar ban duba ba.

A gidanmu waya ba ta kamawa sosai sai an fita bayan gida, gindin ɗorawar da ke kan iyakar gonarmu da ta maƙwabci. Can na shimfiɗa tabarma bayan la'asar, Baba ya zauna gefena yana tambayata ko injin lissafin ne na zo in koya masa da tsufansa. Na ce ya dai yi haƙuri ya gani. Na haɗa kwamfutar da wayata, na fara sauke manhajar tana girkuwa, wani koren layi yana ta tafiya a hankali. Ya wuce rabi da kaɗan sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Batir ya mutu. Na ji kamar in yi jifa da ita cikin gona.

Muka koma gida na jona ta a wutar sola da Yayana ya sa musu saboda fanka da fitila. Da ta tashi sai na ga ɗan hoton manhajar ya fito a fuskarta, na yi murna na ɗauka aiki ya kammala. Na danna. Fuskar ta koma kore, Bisimilla ta fito da farin rubutu, kowane baƙi ya kai tsawon yatsana. Baba ya matso da fuskarsa. Na ji ya karanta ta a hankali, yana bin ta da yatsa daga nesa ba tare da ya taɓa ba, ya kai ƙarshe ya sake komawa farko. Sannan ya ce in ci gaba.

Babu gaba. Na danna nan na danna can, ta tsaya cak a kan Bisimilla. Na kashe na kunna, haka. Na koma gindin ɗorawa da gudu in sake saukewa, sai wani ɗan akwati ya fito da Turanci yana ce min akwai irin wannan manhajar a ciki, sai na cire ta kafin a sa wata. Ita ba ta buɗuwa, kuma ta hana sabuwa shiga. Na dawo gida ina huci, na zauna a gaban Baba ina aiki ina surutu kamar yadda na saba. Na ce ai abin da sauƙi, bari in ja wannan lalataccen in jefa shi kwandon shara, in sauke wani.

Baba ya ɗora hannunsa a kan nawa.

"Uwata, me kika ce za ki jefa a ina?"

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce min haka. Na yi masa bayani cewa akwai wani hoton kwando a gefen fuskar kwamfuta, nan ake jefa duk abin da ba a so. Na ce hoto ne kawai, ba shara ba ce ta gaske.

"Su da suka ƙera ta me suka kira shi?"

Na ce kwandon shara.

"To ban yarda ba. Da idona na karanta sunan Allah a ciki."

Ya kamata in san haka za a yi. A gidanmu ko ƙyallen takarda ka tsinta a ƙasa mai rubutun Larabci, ba ka wuce ta. Ɗauka za ka yi ka soke a jikin danga ko ka kai wa Baba. Yana da wata tsohuwar tukunya a ɗakinsa da yake tara irinsu, in ta cika ya ƙona a wuri mai tsabta ya binne tokar. Har takardar maganin sauro ya taɓa tsinta saboda akwai Larabci a jikinta, muna dariya yana sakawa a tukunya. Duk na san wannan, amma a lokacin raina ya riga ya ɓaci. Na ce masa wannan fa wuta ce da waya, babu tawada babu takarda. Na ce in ba a cire ba har abada ba zai ga shafi na biyu ba. Na ƙara da abin da har yau nake jin kunyarsa, na ce ko so yake ya yi azumin bana ma yana riƙe da shafi ɗaya.

Inna da ke bakin murhu ta ɗago ta dube ni. Baba ya rufe kwamfutar da kansa, ya miƙe ya shiga ɗaki da ita, ya naɗe ta a wani farin ƙyalle ya ɗora a kan kantar da yake ajiye Alƙur'aninsa. Washegari da zan tafi na ce a ba ni ita in kai gari a duba, ya ce a'a. Ya san ni sarai, ya san ina shan kwana zan jefa. Na hau acaɓa ina kuka, rabi haushinsa rabi haushin kaina.

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta na tafi wajen wata ƙawata mai shagon buga takardu a bakin kasuwa. Tare muka yi sakandare. Iyayenta mutanen Barno ne amma a nan aka haife ta, kuma ita ce mutum ɗaya da take gaya min gaskiya ba ta tsoron bakina. Na kwashe labari na ba ta, ina jiran ta taya ni cewa tsofaffi akwai rigima. Sai ta yi ta dariya har tana riƙe ciki, ta ce ai Baba ya fi ni sanin kwamfuta.

Ta ce ko da ya bar ni na jefa, babu abin da zai canza. Wannan ɗan hoton da nake son ja, alama ce kawai, kamar lambar da ake mannawa a ƙofar ɗaki. In ka ɓamɓare lambar, ɗakin yana nan da tarkacensa. Manhajar da ta tsaya a rabi ta riga ta baza kayanta a wurare da yawa a cikin kwamfutar, ta kuma rubuta sunanta a jerin waɗanda aka girka, shi ya sa sabuwa take ganin an riga ta. Ta ce ba ta kwando ake cire irin wannan ba, ta saiti ake shiga.

Ta zaunar da ni gaban tata kwamfutar ta nuna min. Ka buɗe saiti, ka shiga wajen manhajoji, jerin sunayensu zai fito. Ka nemo wadda ta maƙale, sau da yawa za ka ga nauyinta bai kai yadda ya kamata ba, ko babu hoto a gefen sunanta. Ka danna ta, ka zaɓi cirewa, ka tabbatar. Ta ce wani lokaci mai rabin jiki tana ƙin fita, ta ce wani abu nata ya ɓata. In haka ta faru kada in yi zuciya, in fara zaɓar gyara, in bar ta ta cike abin da ya rage mata, sannan in cire. Bayan nan in kashe kwamfutar in kunna kafin in sa sabuwa. Ta sauke min cikakkiyar manhajar a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, don kada in sake dogara da gindin ɗorawa, ta kuma sa na rubuta matakan a takarda da hannuna, wai ta san kaina ba ya riƙe abu in na fusata.

Na tambaye ta abin da na san Baba zai tambaya, ko abin da aka cire ta saiti yana bi ta kwandon. Ta ce ko kusa, ba ya shiga. Ta ba ni shawara in fara kwashe duk abin da ke cikin kwandon tukuna, don hotonsa yana nuna ko da kaya a ciki ko babu, in ya so Baba ya gani da idonsa.

Kwana huɗun da suka rage na yi su ina juya maganar da na gaya masa. Inna ta ce min a waya bai ƙara zancen ba, amma kullum da safe yana sa ta kunna masa kwamfutar, ta danna inda ta ga na danna, ya zauna ya dubi Bisimillar nan ya karanta, sannan a rufe a mayar kan kanta.

Asabar na koma, saura kwana huɗu azumi. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, ya tambayi maigidana da yara. Sannan na gaya masa gaskiya, duk da ta yi min nauyi a baki, cewa hanyar da na so bi ma ba daidai ba ce, ko an jefa ba za ta yi aiki ba. Ya yi murmushi ya ce ashe bokon ma yana da inda ya tsaya. Na haɗiye, don na san na cancanci a faɗa min.

Aka sauko da kwamfutar, wannan karon sai da na tabbatar ta cika da caji, kuma na bar ta a jone. Muka zauna a ƙofar ɗakinsa da hantsi. Na kwashe tsofaffin takardun karatuna da ke cikin kwandon, na kira Inna ta zo ta zama shaida tunda idonta ya fi nasa. Ta sunkuya ta duba da kyau, ta ce kwando dai ga shi nan wayam. Na buɗe saiti, na shiga jerin manhajoji, ina yi ina fassara masa duk abin da aka rubuta. Na samo ta can ƙasa, babu hoto a gefen sunanta, kamar yadda ƙawata ta faɗa. Na ce masa daga nan za a cire ta, ba za ta bi ta kwando ba.

"In an cire, ina take zuwa?"

"Babu inda take zuwa, Baba. Gurbin da take ne zai koma babu komai, sai a sake rubuta wani a wurin."

Ya shafa gemu. Can ya ce, "Wanke allo ke nan."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ce masa haka ne, kusan haka ne.

"To ruwan fa?"

Wanda ya yi karatun allo ya san ba a zubar da ruwan wankin allo inda ƙafa take takawa, sha ake yi ko a zuba a wuri mai tsabta. Na so in ƙirƙiro masa wata amsa mai daɗi, amma na riga na yi masa laifi sau ɗaya. Na ce babu ruwa, kuma iyakar abin da na sani ke nan. Inna ce ta cece ni. Ta ce, "Malam, rubutun da ba a tsoma alƙalami a tawada ba, ina zai samo ruwa?" Baba ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce a makarantarsu ba a yi wa ɗalibi sabon rubutu sai ya wanke na jiya, kuma mai allo shi yake wanke allonsa. Ya miƙe ya ɗauki buta ya yi alwala, ya dawo ya ce in ɗora masa yatsa a inda ake dannawa.

Na kama yatsansa, mai kaushi kamar ƙotar fartanya, na ɗora. Ya yi Bisimilla ya danna. Kwamfutar ta ɗan yi tunani, sai ga akwati ya fito wai ba za a iya cirewa ba, wani abu ya ɓata. Na zaro takardata na duba, na ce masa an gaya min za ta iya yin haka, sai an cike ta tukuna. Ya ce daidai ne, ai ba a wanke rubutun da ba a ƙarasa ba. Ban san ko haka dokar take ba ko shi ya ga dama ya faɗa, ban dai yi musu ba. Na soka filas, na zaɓi gyara, muka jira. Da ta gama na sake ɗora masa yatsa. Wannan karon layin ya tafi har ƙarshe, sunan ya ɓace daga jerin. Baba ya sa Inna ta sake leƙa kwandon. Ta ce yana nan yadda yake, ko tsinke bai faɗa ba.

Na kashe na kunna, na sa sabuwar daga filas. Muka zuba mata ido, kurciya tana kuka a kan rumbu. Da ta kammala na danna, koren nan ya fito da Bisimilla. Sai ta wuce. Fatiha ta bayyana, na yi ta ƙara girman baƙin har layi uku suka cika fuskar. Baba ya ce in rage kaɗan, shi ba makaho ba ne. Na rage. Ya ce in kai shi izu na goma sha tara, ashe yana sane da daidai inda ya tsaya.

Ya fara a hankali, yana ɗan tuntuɓe kamar mai koyo. Layi biyar, layi shida, sai muryar ta daidaita ta koma irin wadda take tashina daga barci ina ƙarama. Duk inda ya kai ƙarshe sai ya ɗaga min kai in matsar masa. Inna ta koma bakin murhu ta juya mana baya, na ga tana goge fuska da gefen zani, ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba ta hura ba. Ni ban ɓoye nawa ba, daɗi ne ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina.

Bayan azahar na koya masa madanni biyu, na gaba da na baya, na ɗiga musu jan farce don ya riƙa jin su da yatsa. Na ƙara nuna wa Inna yadda ake kunnawa da kashewa da jona caji daidai. Da la'asar ta yi Baba ya ce in tashi in kama hanya kada motar ƙarshe ta wuce ni, yara suna jirana. Na ce zan ɗan ƙara zama in ga ko zai buƙaci wani abu.

"Je ki abinki, Uwata," ya ce, idonsa na kan rubutun. "Na iya juyawa."

Na ɗauki jakata na fita ta zaure. Mai acaɓa yana jirana a bakin hanya, amma da na zo bayan katangar ɗakin Baba sai na ji muryarsa ta taga. Na tsaya in ji ko zai maƙale. Ya kai ƙarshen shafi, ya yi ɗan shiru, na ji ƙaramar ƙarar madanni, ya ɗora daga aya ta gaba. Na ce bari in ji shafi ɗaya kuma. Mai acaɓa ya yi ta danna hon har ya gaji ya tafi, ina nan jingine da katanga. Ranar a gidan su Baba na kwana.